Aikin boris ɗin ƙarƙashin shokazobar XR250R: abin da nake rubutawa kullum

Asabar, 2 ga Nuwamba 2024

Yau na buɗe aikin bayan babur. Honda XR250R ne, na hannu, cikin waɗanda ake shigowa da su ta Kwatano, kuma shi ke kai ni fadamarmu ta wajen Kware tun daga renon irin albasa har kwasarta. Tun da damina ta ja baya halinsa ya sauya. In na faɗa rami sai bugun ya zo mini har ƙugu, in bayan ya nutse ba ya tasowa da wuri, ga kuma wani siririn kuka daga ƙasa duk sa'ad da na sauka daga kansa. Kowa ya ji sai ya ce shokazoba ta mutu, a nemo wata. Ni dai ban ga mai na tsiyaya a jikinta ba, don haka ban yarda a yanke mata hukunci tun ba a leƙa ƙarƙashinta ba.

Na kife tsohon turmi a ƙarƙashin inji, tayar baya ta bar ƙasa. Na tsuguna na kama ta da hannu biyu na ɗaga a hankali. Kafin sifirin ya fara turjewa akwai wasa, taya na hawa tana sauka ba abin da ya riƙe ta, ana jin ƙwas-ƙwas. Da na girgiza ta gefe da gefe kuwa, lafiya lau. Ke nan ciwon yana mahaɗan da ke ƙasan shokazoba, ba a babban bol ɗin hannun baya ba, wato dogon ƙarfen da ke riƙe da tayar baya yana hawa da sauka da ita.

Wanda ya saba da Boxer ko Kasea irin na 'yan kabu-kabu ba lallai ya san wurin ba. Su shokazoba biyu gare su, dama da hagu, kowace a ɗaure kai tsaye jikin hannun baya da bushin na roba. Ta wannan guda ce a tsakiya, kuma ƙafarta na zaune a kan wani ƙarfe mai kusurwa uku. Kusurwa ɗaya na riƙe da shokazoba, ɗaya na jikin hannun baya, ta ukun kuma na haɗe da firam ta wata gajeriyar sanda. Honda na kiran tsarin Pro-Link, ta fara sa shi a baburan daji a 1981, lokacin da Kawasaki ke da Uni-Trak, Suzuki kuma Full Floater. Amfaninsa shi ne a farkon nutsewa baya na da laushi, yana shanye tsakuwa da ƙananan ramuka, amma yayin da taya ke ƙara hawa sai ya yi ta ƙara tauri, don kada babur ya buga ƙasa in an faɗa babban rami. A kowane mahaɗi akwai boris mai allurai, wato siraran sandunan ƙarfe masu mirginawa, da bushin na ƙarfe da bol ke ratsawa, da sil na roba a baki biyu mai hana ruwa da datti shiga. Su nake zargi.

Lahadi, 3 ga Nuwamba

Bayan asuba na fara, tun iska ba ta tashi ba. Hunturu bai kankama ba tukuna, amma ƙura ta soma sauka a kan komai, shi ya sa na share shagon ƙofar gida na yayyafa ruwa, na saki labule. Na wanke ƙasan babur da burushi da ruwan omo, domin laka ta daskare a wurin har ba a ganin kan noti.

Kafin sifana ta taɓa komai na ɗauki hoton kowane bol da waya, ta dama da ta hagu. Kowanne da ɓangaren da kansa ke kallo, kuma tsawonsu ba ɗaya ba ne. Na sassauta duk notina tukuna ban zare ko ɗaya ba, saboda in an fara zarewa mahaɗan sun saki, babu abin da zai riƙe maka su ka kwance sauran. Sannan ƙanena ya cusa katako a ƙarƙashin taya ya ɗan ɗaga ta har nauyi ya sauka daga kan bol. In aka sami daidai wurin, da yatsa ma ana turo shi.

Duk sun fito sai guda, wanda ya haɗa gajeriyar sanda da mai kusurwa uku. Noti ya kwance, amma bol ya kama da bushin, suna juyawa tare. Na fesa masa man sakin tsatsa ta baki biyu na rabu da shi. Guduma a kan zare ba abin da take haifarwa sai kan bol ya baje, daga nan kuma sai zarto.

Laraba, 6 ga Nuwamba

Safe da yamma nake ƙara masa man tun ranar Lahadi. Ɗazu bayan la'asar na mayar da noti har ya yi daidai da bakin bol, na ɗora guntun tagulla a kai, ƙanena na ƙwanƙwasawa a hankali ni kuma ina juya kan da soket. Ya ba da wata 'yar ƙara, ya motsa, ya biyo.

Abin da na gani ya sosa mini rai. Da na ture bushin, ba giris ne ya fito ba, wani jan gari ne busasshe kamar dakakken yaji ya zubo mini a tafin hannu. A cikinsa ga allurai, wasu sun rabu biyu, wasu sun manne uku-uku da tsatsa sai da na sa farce na raba su. Sil ɗin ɓangaren sarƙa ya bushe ya tsage, leɓensa ya koma ciki. Jikin bushin kuwa, inda ya kamata ya zama sumul yana ƙyalli, layuka ne a jere, kowace allura ta haƙa wa kanta makwanci.

Dalilin layukan ke nan. Boris ɗin taya zagayawa yake yi, yana jan giris yana rarraba shi ko'ina. Na nan ba ya zagayawa. 'Yar karkata kawai yake yi gaba da baya, a wuri guda, da nauyin babur da mahayi da kaya a kansa, kuma mahaɗan na ninka nauyin. Sannu a hankali giris na matsewa daga ƙarƙashin allurai, ƙarfe ya koma cin ƙarfe. Sai kuma a ƙara da cewa nan ne wuri mafi kusa da ƙasa, a gaban tayar baya, inda duk ruwa da yashi ke faɗawa. Daminar bana na ratsa ruwa ba adadi a hanyar fadama, wani har ya shafe matakin ƙafa. Akwai kuma injin feshin masu wanki. Yaran na da himma, suna son ka ga ƙasan babur fes, sai su kafa bakin feshi daidai kan sil. Wannan ruwan da ƙarfi yake shiga, in ya shiga kuma ba shi da hanyar fita. Duk mai irin wannan babur, don Allah ya tsaya a kai lokacin wanki, ya ce a nisanta feshi daga mahaɗan nan.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Ranar wanki. Wannan shi ne ainihin aikin, kuma shi ya fi cin lokaci.

Na jera gwangwanayen madara, kowane boris da nasa, na rubuta sunan wurinsa a jiki. Wasu boris ɗin allurarsu a cikin keji take, ba ta zubowa. Wasu kuwa sake take, giris kaɗai ke riƙe ta jikin kwanon, da ka cire bushin sai ta zube. Na shimfiɗa farin tsumma a cikin faranti na yi aikin a kai, don allura in ta faɗi ƙasa ta shiga yashi an rabu ke nan. Na ƙirga na kowanne na rubuta. Ba na haɗa na wannan da na wancan ko da tsawonsu ɗaya ne, kowace ta ci da gidanta.

Da kananzir na yi wankin. A gareji fetur aka saba ɗauka, ya fi saurin narkar da datti, amma yana kumbura roba yana busar da ita, ga haɗarin wuta a cikin rufaffen shago. A ƙarshen 2024 ɗin nan da lita ta haura naira 1,000 ma ba wani rangwame a cikinsa. Na jiƙa allurai na girgiza, na zubar, na sake, har kananzir ya daina sauya launi. Kwanon boris da ke cikin gidansa na bi shi da tsohon burushin haƙori, sannan na naɗa tsumma a tsinke na zagaya lungun bakinsa, inda tsohon giris ke maƙalewa da yashi. In tsumma ya fito da baƙi, wanki bai ƙare ba. Sabon giris a kan tsohon datti ba gyara ba ne, yashin yana nan yana ci gaba da aikinsa.

Da komai ya bushe na fito da shi rana na duba ɗaya bayan ɗaya. Ga bushin, farce nake bi da shi ta tsawo da ta kewaye. Tabon launi kawai ba ya hana aiki, amma in farce ya tsaya ko ya ji tudu da kwari, ya tashi aiki. Allurai kuma na mirgina su a kan gilashi ƙarƙashin yatsa, mai lafiya na tafiya shiru, mai rami na yin tsalle. Wasu kan goge bushin da samfefa su mayar. Ban ga amfaninsa ba. Taurin bushin a fatarsa ta waje yake, in ka cinye ta ka rage masa kauri, wasan da kake gudu ka ƙara shi da hannunka. Ɗan wasan da ido ba ya gani a nan kuwa, kafin ya isa ga taya ya ninku, tunda hannun baya dogo ne.

Hukunci: boris ɗin da ya zubo da jan gari da bushin ɗinsa sun mutu. Na ƙasan shokazoba ma allurai sun yi ramuka, za a sauya. Na ɓangaren firam da na jikin hannun baya suna da rai, giris ɗinsu ya yi baƙi amma bai bushe ba. Sil kuwa duka zan sauya, ba na jayayya da wannan.

Talata, 12 ga Nuwamba

Na zagaya masu kayan babur a cikin gari da tsofaffin a leda. Kayan Boxer da Jincheng da Haojue har rufi, amma wannan ba abin da ake tambaya kullum ba ne, ba laifinsu. Wani ya fito mini da boris mai allurai da ya yi kama, da na ɗora ma'auni sai faɗinsa ya gaza.

Na biya wajen wani dattijon bakanike da ya daɗe yana taɓa baburan ma'aikatan gona. Ya juya bushin a hannunsa, ya kai shi kusa da ido.

"Ɗana, wanga ruwa na ya kashe shi, ba tsuhwa ba."

Na ce, "Haka ne Baba. Ko za a samu a nan?"

"Ba shi nan Sakkwato. Amma kak ka tsaya ga kama, awo zaka bi. Ciki, waje, hwaɗi. In ɗaya ya saɓa, bar shi."

Ya nuna mini yadda ake karanta lambar da ke bakin kwano. Irin waɗanda ake sayarwa ko'ina suna da lamba mai bayyana kanta: HK2016, alal misali, cikinsa milimita 20 ne, faɗinsa 16, wajensa kuma 26. Sai dai na kamfanin babur sau da yawa awonsu daban ne, shi ya sa ya fi kyau a nemi cikakken saiti na wannan babur, boris da bushin da sil a tare. Wani ɗan kasuwa da ke sauke kaya daga Nnewi ya karɓi hoton awon da lambar firam, ya ce zai sa a duba masa. Na kuma tura wa wani abokina a Kano ya leƙa Ƙofar Ruwa.

Juma'a, 15 ga Nuwamba

Kaya ba su iso ba. Na yi amfani da jiran na warware maganar giris.

Wanda ake aunawa a leda a bakin titi ban san me ke cikinsa ba, kuma a buɗe yake yini cikin ƙura. Wurin nan na son giris mai jure ruwa da matsi, mai kaurin da ake rubuta wa NLGI 2, in da hali mai sinadarin molibdenam, wanda ke barin wani baƙin shafi a jikin ƙarfe ko bayan man ya matse. Ya kuma zama mai jure zafi, don a watan Afrilu da Mayu garin nan na haura digiri 40, ga salansa na wucewa kusa. Na samu gwangwani rufaffe a shagon masu kayan manyan motoci. Ba a cakuɗa iri biyu, wani in ya haɗu da wani sai su tsinke su zama ruwa, wanda shi ma dalili ne na wanke tsohon tas.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Saiti ya iso jiya ta hannun direban motar Kano. Kafin komai na gwada kowane sabo da tsohonsa a kan ma'auni. Sun yi daidai, alhamdu lillahi.

Kafin in fitar da matattun na auna zurfin da kowanne ya zauna daga bakin gida, na rubuta. Wannan awon shi ke barin wa sil wurin zama. In boris ya yi waje sil ba zai shige ba, in ya yi ciki da yawa kuma bushin ba zai hau allurai daidai ba.

Ba ni da injin matsi, bayis na yi amfani da shi a garejin Baba, dattijon bakaniken nan. Soket ƙarami wanda ya yi daidai da bakin boris a gefe ɗaya, babba a ɗaya gefen don boris ya sami inda zai faɗa, sai a yi ta ɗaure bayis a hankali. Na farko ya fito salin alin. Mai tsatsar sai da muka ɗumama gidan da ruwan zafi kafin ya yarda. Cikin gidan na goge shi da tsumma, na shafa giris kaɗan.

Sababbin tun dare na kai su firizar maƙwabcinmu mai sayar da ƙanƙara, a ɗaure cikin leda biyu don kada raɓa ta taɓa su. Sanyi na tsuke su, zafi na buɗe gidan, sai shigar ta yi sauƙi. Baba ya tsaya a kaina lokacin da na ɗora na farko.

"Wajen rubutun nan zaka matsa. Nan ad da ƙarhi. Ɗayan bakin taushi gare shi, yana lanƙwasa ya kama allura."

Gaskiyarsa ne. Kwanon boris ɗin nan siririn ƙarfe ne, bai fi kaurin murfin gwangwani da yawa ba, kuma bakin da ke ɗauke da lamba shi aka yi don karɓar matsi. Na ɗaure bayis kaɗan, na tsaya na duba ko ya shiga a miƙe, na ƙara, na auna, na ƙara, har zurfin ya zo daidai da abin da na rubuta.

Lahadi, 24 ga Nuwamba

Haɗawa. Na wanke hannu, na rufe ƙofa. Sababbin boris sun zo da ɗan mai na hana tsatsa kawai, ba za a dogara da shi ba. Na cusa giris da yatsa ina juya allurai har ya fito ta tsakaninsu. Masu sakakkun allurai na shafe kwanon tukuna, sannan na jera su ɗaya-ɗaya da ɗan hantsaki, giris na riƙe su a tsaye. In an sa ta ƙarshe akan ga ɗan gibi da bai kai faɗin allura ba. Haka aka yi shi, kada a nemi cike shi. In gibin ya kai allura ta shiga a sake, to wata ta ɓace, a koma ga ƙirga.

Sil ya shiga da matsin babban yatsa, na cika leɓensa da giris. Bushin kuma na shigar da shi ina murzawa a hankali, ɗan yatsa na tare ɗaya bakin don kada ya turo allura waje. Jikin kowane bol na shafe shi, ban da zaren, domin abin da ya faru da wancan kada ya sake faruwa.

Na bi hotunan waya na mayar da kowanne ta inda ya fito, na zura duka kafin in ɗaure ko ɗaya. Ɗaurin na yi shi da sifana mai auna ƙarfi da na aro, bisa adadin da littafin gyaran babur ya ba kowane bol, kuma ta ɓangaren noti, ƙanena na riƙe da kan. Nan ba wurin ɗaurin ƙarfin tuwo ba ne, ba kuma wurin sassauci ba. Kafin in ɗaura ƙafar shokazoba na ɗaga hannun baya na sauke, ya bi sumul daga ƙasa har sama ba inda ya maƙale. Giris ɗin da ya tsatso waje na goge shi kaf, don a ƙurar nan duk abin da ya rage a waje yashi zai tara a bakin sil.

Asabar, 30 ga Nuwamba

Na kai shi fadama. Daga kwalta na sauka hanyar yashi mai tudu da kwari wadda shanu suka tattake tun tana danye ta bushe a haka. Baya na bin ƙasa yanzu, taya ba ta tsalle, bugun da ke zuwa ƙugu ya tafi, kukan ma babu. Shokazobar da aka ce a jefar ita ce dai a jiki.

Da na dawo muka auna nutsewa. Daga tsakiyar bol ɗin taya zuwa wata alama a madigadi, sau ɗaya taya na sama, sau ɗaya ina zaune da takalmi da jakar da na saba ɗauka. Bambancin ya kamata ya zama wajen kashi ɗaya cikin uku na tafiyar taya, a babur irin wannan tsakanin milimita 90 da 100. Nawa ya wuce haka sosai. Da mahaɗan a cije ba za a taɓa samun awon gaskiya ba, yanzu da suka saki sai ga shi a fili. Na ƙara wa sifirin ɗauri har ya shigo, na sake daidaita sarƙa.

Asabar, 7 ga Disamba

Na mayar da shi kan turmi na sake bin kowane noti da sifanar awo. Ba wanda ya saki, taya ba wasa. Hazo ya sauka sosai makon nan, na goge ƙurar da ta taru a bakin sil da busasshen tsumma.

Ina can ƙasa na lura robar da sarƙa ke gogawa a kan hannun baya ta cinye ta gaba, saura kaɗan sarƙa ta fara cin ƙarfen, kuma daidai wurin ne boris ɗin babban bol yake. Na aika a nemo ta tare da sil ɗin wurin. In sun iso zan sauke hannun baya gaba ɗaya in yi wa nasa boris irin wannan wankin, daga nan in koma kan boris ɗin wuya, don kan babur ya fara ɗan cijewa a tsakiya in ana juya shi. Mahaɗan ƙasa kuma na sa musu lokaci biyu a shekara: farkon Yuni kafin ruwa ya zauna, da Oktoba in ya ɗauke. Kafin robar ta zo, zuwa fadama sai da Boxer ɗin ƙanena.